Yadda Za Ka Zama Tafintan Koci Ba Tare Da Ka Ji Yarensa Ba

In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin a buɗe kakar wasa kana zaune a benci kusa da koci, da rigar kulob a jikinka, ana kiranka Malam Tafinta. Ni na yi shekara biyu a kujerar nan, kuma har yau ko "ruwa" ban san yadda ake cewa da yaren mutumin ba.

1. Zaɓi yaren da babu mai gwada ka

Kada ka kusanci Turanci ko Faransanci, direban motar kulob ma zai iya tona maka asiri. Jira sai an ɗauko koci daga ƙasar da shugaban kulob bai iya faɗin sunanta ba. Ni da shugaba ya ce in ɗan taɓa yaren ya ji, sai na karanto masa abin da na haddace a jikin kwalin maganin tari. Ya gyaɗa kai ya ce, "Lallai ka sha karatu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan gaisuwa ce kawai."

2. Auna tsawo, ka bar ma'ana

In koci ya yi minti ɗaya yana magana, kai ma yi minti ɗaya. Duk kocin duniya abu huɗu yake faɗa: ku ruga, ku ba da ƙwallo, ku koma baya, kun ba ni kunya. Dubi jijiyar wuyansa ka zaɓi ɗaya. In ya yi ƙwallo da gorar ruwa, na huɗun ne.

3. Mayar masa da amsa

Nan ƙananan tafintoci ke faɗuwa. In kyaftin ya ce a tambayi koci wa zai buga fenareti, juya ka fuskance shi, ka ɗaure fuska, ka maimaita masa kalma ukun da ya fi faɗa da safe, sannan ka ɗaga gira. Namu kocin kallona yake yi cikin tausayi. Ina jin ya ɗauka a wajen wata tsohuwa mara haƙora na koyi yaren.

4. Kada ka ƙi yare ko ɗaya

Kulob zai sayo ɗan wasan gaba daga wata nahiya, da 'yan baya biyu da ba sa jin juna. Ce duk kana ji. Na taɓa fassara faɗan mutum uku da yare uku a ɗakin canza kaya. Na tsaya a tsakiya ina juya kai kamar fanka, ina sanar da sauran cewa kowa takalmin ɗan'uwansa yake yabo. Da ido ya kumbura, na ce haka ake yabo a can.

A cikin fili kuwa babu mai buƙatarka. Yin fito, ihu da nuna yatsa sun ishe su cin wasa. Yi addu'a kada shugaba ya lura da wannan.

5. 'Yan jarida

Komai koci ya faɗa, ce musu, "Ya ce ƙwallo ce, yara sun yi ƙoƙari." Su ma abin da suka riga suka rubuta ke nan.

6. Taimaki na gida

Yayana shi ne golan kulob ɗin. Shekara goma sha huɗu yana tsaron raga, gwiwarsa ta hagu na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. In aka ajiye shi a benci ƙwallonsa ta ƙare, kuma bayan ita bai iya komai ba.

Wata rana koci ya nuna shi, ya nuna benci, ya yi dogon bayani. Na ce, "Yaya, ya ce ka zauna ka ɗaure takalminka da kyau, kai za ka kama." Gola na biyu kuma na ce masa ana tanadinsa ne don babban wasa. Takardar sunayen 'yan wasa ni nake kai wa alƙalin wasa, da biro a aljihuna. Duk ranar da koci ya hango Yaya a raga sai ya kama kai yana ihu, ni kuma in fassara wa yara cewa su ruga. Wasa goma sha ɗaya ana tanadin gola na biyu.

7. Ranar da za ka so ka ji

A wasan ƙarshe Yaya ya yi tsalle ya kama fenareti, gwiwar ta tafi. A kan gadon ɗaukar masu rauni aka fito da shi. Bayan an tashi, koci ya shigo ɗakin canza kaya, ya durƙusa a gabansa, ya riƙe gwiwar da hannu biyu. Ya yi magana a hankali, da muryar da ban taɓa fassarawa ba. Ko yabo ne, ko ban haƙuri, ko cewa yake yi dama abin da yake gudar masa ke nan, ban sani ba.

Yaya ya juyo ya ce, "Auta, me ya ce?"

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Yaya ya ce, "Na san ba ka ji, tun ranar farko na sani. Amma ta yau na so a ce ka ji."

A wannan satin kwantiragin koci ya ƙare, ya koma ƙasarsu. Yaya bai sake tsayawa a raga ba.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka bayan ka bi matakan nan, kora ce, jan kati ne, ko gwiwar ɗan'uwa, babu ruwana, ban san ka ba. Sai dai in a cikin masu karatu akwai mai jin yaren da gaske, don Allah ya neme ni. Maganar tana kaina yadda ta fito daga bakin mutumin, kullum ina maimaita ta don kada ta zube. Yaya yana jira.