Ranar da Auduga Ta Kayar da Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka tura ni rakiyar wata likita zuwa wata rijiyar makiyaya a ƙasar Ollelewa. Ni ma'aikacin kiwo ne a Tanout, aikina yi wa shanu da raƙuma allura. Wani zazzaɓi ne ya addabi mutanen wurin, ya tafi ya dawo, a yi ta shan maganin cizon sauro a banza. Likitar, Madam Hadiza, tana zargin kaska ce ke kawo shi, da wata ƙwayar cuta ƴar'uwar wadda Turawa ke kira Lyme. So take ta ɗebi jinin mutane a kai a auna. Ni kuwa an haɗa ta da ni ne don makiyayan sun san ni.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ina mugun tsoron allura. (Ta raƙumi ba ta dame ni ba, ai ba a jikina take shiga ba.) Muna cikin mota Madam ta ce, "In suka ƙi, da kai za mu fara." Na yi dariyar yaƙe. Duk hanya addu'a nake Allah Ya sa su yarda.

Ba su yarda ba. Arɗo, dattijon wurin, ya dube ni ya ce, "Ɗana, mun ji ana sayar da jinin mutane. Kuma cutar da ido bai gani ba, yaya za a gane ta a cikin kwalba?"

Na gyara tsayuwa. Na ce, "Baba, a can inda ake auna jinin suna da ɓurɓushin jikin ƙwayar cutar manne a wani ɗan faranti. Sai a ɗiga ruwan jininka a kai. In jikinka ya taɓa faɗa da ita, jinin zai gane ta ya cafke, launi ya canza. Kamar yadda karenka ke gane kurar da ta taɓa shigo masa garke." Na ga ana gyaɗa kai, daɗi ya kwashe ni, sai na ƙara da cewa, "Abin ma ko zafi babu."

"To fara mu gani," in ji Arɗo.

Na zauna a tabarma na naɗe hannun riga. Maza sun kewaye ni, mata na leƙe ta bayansu. Madam ta ɗaure min dantse da roba. Gumi ya karyo min, kunnuwana suka fara ƙara. Na ji wani sanyi a hannuna, daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Na farka kaina bisa cinyar Arɗo, ana yayyafa min ruwan rijiya. Wata tsohuwa na salati tana cewa an zuƙe wa yaro jini, wasu har sun fara janye ƴaƴansu. Na san in suka watse, aikin ya lalace, masu zazzaɓi kuma su ci gaba da kwanciya. Na yi ta roƙon Madam da ido ta rufa min asiri.

Ba ta rufa ba. Ta ɗaga allurar sama, ko murfinta ba a cire ba. "Ban taɓa shi ba, Baba. Auduga kawai na goga masa."

Nan take wurin ya kece da dariya. Arɗo ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ture kaina daga cinyarsa, ya miƙa hannu. "Zo ki ɗiba, ƴata, kar a ce mu ma auduga muke tsoro." Samari suka yi ta rige-rige, kowa na son nuna ya fi ni. (Gaskiya kuwa sun fi ni.)

Daga baya aka gano cutar a jinin wasunsu, aka kai musu magani, suka samu sauƙi. Ni kuwa har yau in na je allurar shanu, daga nesa nake jin ana cewa, "Ku ɓoye auduga, ga likita nan."

Tun daga ranar, in ina bayani na ga an fara gyaɗa kai, nan nake yin shiru.