Sunaye Uku a Ƙofar Makaranta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a ƙofar makarantar 'yata a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, uwar mijina tana gefena, ana yi mini kallon ɓarauniyar yara. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in faro daga tushe. Mijina yana karatu ne a Alƙahira da tallafin gwamnati, shi ya sa bayan zirga-zirgar da ta kusa cinye mana takalma aka karɓi 'yarmu a ajin ƙananan yara na makarantar gwamnati da ke bayan layinmu. Amira muke ce mata, domin sunan kakarta aka sa mata. Kun dai san yadda abin yake. Ga ta 'yar fari, ga ta takwarar suruka, ko a mafarki bai kamata sunanta na yanka ya fito daga bakina ba.

To amma Masarawa ba ruwansu da wannan. A wurinsu sunan yaro uku ne a jere: nasa, na ubansa, sai na kakansa. In an tashi daga makaranta, uwaye su cika bakin ƙofa, kowacce ta ƙwala kiran ɗanta da cikakken suna, mai gadi ya miƙo shi. Da farko na yi ta noƙe-noƙe, kullum 'yata ce ta ƙarshen fitowa. Da na gaji sai na saki jiki. (Wa ya san ni a Ainu Shams?) Kafin a jima na zama gwana. Tun daga kwanar mai sayar da wake nake ɗaga murya, yarinya ta taho da gudu, jaka tana dukan bayanta.

Ana haka sai Hajiya, mahaifiyar mijina, ta zo daga Zariya ganin likitan gwiwa. Tun kafin ta sauka Abban Amira ya ja ni gefe ya ce, "Ki yi hattara fa. Hajiya ta daɗe tana cewa yaran da ake raino a waje ba su da kunya, tunda uwayen ma sun ajiye tasu a filin jirgi. In ta ga abin da bai yi mata ba, da takwararta za ta koma." Na san ba wasa yake yi ba, kuma na san ko shi bai isa ya ce mata a'a ba.

Daga ranar na zama wata mata daban. Gaisuwa a durƙushe, kai a sunkuye, murya kamar ta mai jinya. Ni da maƙwabta suka saba jiyo dariyata daga hawa na huɗu! Ko Amira ta faɗi a gaban Hajiya sai in kau da kai, wai ni mai kara, zuciyata kuwa tana tafasa. Har na fara yaba wa kaina.

Rannan da azahar ina ɗaura mayafi sai Hajiya ta ce, "Tsaya in bi ki, 'yar nan. Likita ya ce in riƙa taka ƙafar, kuma ina so in ga inda ake kai mini takwara." Ban damu ba, don na riga na shirya dabara: mai gadin ya san fuskata, ido kawai zan yi masa ya fito mini da yarinya.

Muna isa na nemi mai gadi sama ko ƙasa, babu shi. A wurinsa wata sabuwar malama ce mai tabarau, ta tsare ƙofa, fuska ba annuri. Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya na ce da ɗan Larabcina, Amira na zo ɗauka.

Ta juya ciki ta yi kira. Sai ga wata yarinya fara sol mai kitso biyu an riƙo hannunta. Na ce ba ita ba ce. Aka sake kawo wata Amirar, ita ma ba tawa ba. Malama ta sauke tabarau ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ya madam, cikakken sunan yarinyar nake so. Sunanta, na ubanta, na kakanta."

Na saci kallon Hajiya. Tana tsaye ta dogara da sandarta, ta zuba mini ido. Ba ta jin Larabci, amma suna ai ba ya buƙatar tafinta. Sunan farko nata ne, na biyu na ɗanta, na uku na marigayi mijinta, wanda ita kanta ban taɓa jin ta kama sunansa ba.

Na fara kame-kame. Na ce baƙa ce, 'yar Nijeriya, mai jan ribom. Na kwatanta tsayinta da hannu. Na ce ubanta ɗalibi ne. Malama ta ce, "Ke uwarta ce, kuma ba ki san sunanta ba?" Matan da ke wurin suka fara jan 'ya'yansu jikinsu. Wata mai ƙiba ta ce da ƙarfi, irin su ne ake ta gargaɗi a kansu.

Hajiya ta ce, "Wai me ake ciki ne?"

Na ce, "Ba komai, Hajiya, layi ne." (Layi! Mu kaɗai muka rage ba a miƙo mana yarinya ba.)

Malama ta ciro waya ta ce za ta kira shugabar makaranta, in ta kama har 'yan sanda. A daidai lokacin na jiyo kuka daga can cikin aji. Ko cikin yara nawa ne na san kukan 'yata. Kowa ya tafi an bar ta, tana zaton an manta da ita.

Ban san sa'ad da na kama ƙarfen ƙofar ba. Na buɗe maƙogwaro iya ƙarfina: "Ruƙayya Aminu Shu'aibu! Yalla, fito!"

Har tantabarun kan katanga sai da suka tashi.

Sai ga malamar ajinsu, Mis Hala, ta fito riƙe da Amira tana dariya. Ta ce da mai tabarau, "Khalas, shi ke nan, bar ta, uwarta ce. Wannan muryar ai duk makarantar nan an san ta." Da ta tsaya a nan da na gode wa Allah. Ina! Sai ta kama ƙugu, ta ɗaga haɓa, ta kwaikwayi yadda nake kiran sunayen nan uku kullum, har da yadda nake jan na ƙarshen. Matan da suka gama zagina suka fashe da dariya.

Amira kuwa, hawaye bai bushe mata ba, ta ja zanen kakarta ta ce, "Hajiya, Mis ta ce kullum haka Mama take yi. Tun daga wurin mai wake."

Kayan aro dai ba ya rufe katara. Muka kamo hanyar gida. Ni kuwa a raina har na fara haɗa wa yarinya kaya a akwati.

A kan matakala Hajiya ta tsaya hutawa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Tun da na zo nake kallonki. Yarinya ta faɗi ki kau da kai, ta yi kuka ki yi kamar ba ki ji ba. Na ce a raina wannan ba ta damu da ita ba, gara in tafi da abata. Yau na ga uwa." Ta ɗan nisa. "Nawa sunan na yafe miki, na Aminu ku kuka sani. Amma na Malam, don Allah ki riƙa rage murya, bawan Allah yana kwance."

Hajiya ta koma Zariya ita kaɗai. Har gobe in ta bugo wa ɗanta waya, kafin ta tambayi takwararta sai ta ce, "Ina mai lasifika?" Ni kuma in karɓi wayar a durƙushe, ko da ba ta ganina.

Abin da na koya shi ne, in za ki ari kunya, ki ari daidai wadda za ki iya ɗauka zuwa ƙofar makaranta. Kuma kada ki kuskura ki yi wasan kwaikwayo a gidan da akwai ɗan ajin ƙananan yara mai jin harshe biyu.