Abin da Kura Ta Ci

Shekarar da na fara riƙe wayar salula, na ga yadda ake rubutu da furanni a shataletalen Kano, na ce wallahi ba za a bar garinmu Kura a baya ba. Ban nemi izinin kowa ba. Na zaɓi gangaren kanal mai kallon titi, na shuka alayyafo harafi-harafi: KURA TA CI GABA. Kullum da sassafe ina ban ruwa a ɓoye, ina jin kaina wani gagarumin mai zane.

Da ya yi kore shar, na gayyato dattawan majalisa su ga aikina. Ashe awakin Iya Talatu sun riga mu zuwa, sun cinye GABA tas.

Mai unguwa ya gyara tabarau ya karanta: "KURA TA CI." Ya dube ni. "Ta ci me, ɗana?"

Na ce, "Gaba, ranka ya daɗe."

"Subhanallahi! Gaban wa?"

Duk aka juyo ana kallona.

Har yau in na gifta majalisar, sai wani ya tare ni da fuskar jaje: "Sannu, Malam. Allah ya mayar da abin da kura ta ci."