Tsarabar Alhaji Na-Kwas

A garinmu akwai wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ake kira Alhaji Na-Kwas, saboda wani kwas na wata uku da aka taɓa tura shi ƙasar Turawa, wanda har yau bai gama ba mu labarinsa ba. A can ne ya hangi wata ciyawa a gefen titi, koriya shar, ba mai ba ta ruwa balle taki. Gogan naka ya zage 'ya'yanta ya ƙulle a hankici ya taho da su gida, wai harawar zamani ce, dabba ta ci sai ƙiba. Ya barbaɗa a bayan gidansa, filin bai fi faɗin tabarma ba. Awaki suka sansana suka juya. Jakin da ke cin kwali a bola ma ya ce ba da shi ba. Ita kuwa ciyawa ta samu wurin zama. Kafin damina biyu ta tsallake danga, ta bi hanyar kasuwa, ta cika fadama, har maƙabarta ba ta bari ba. In ta shiga gonar gero sai ta shaƙe shi tun yana ƙarami, ka nome ta yau, mako ya zagayo ka tarar ta dawo da danginta. In ta yi fure kuwa, gari ya ɗauki atishawa da jan ido ke nan, har wata Juma'a sai da liman ya taƙaita huɗuba don ba mai jin abin da yake faɗa. Mutane suka laƙaba mata suna Tsarabar Alhaji. Ni kaina rabin gonata ta cinye bara, kuma wallahi har yanzu ban huce ba.

To, da Allah ya yi wa Sarkin Noma rasuwa, sai ga Alhaji, ko kunya babu, cikin masu neman rawanin. Ranar da Dagaci ya tara dattawa a zaurensa don jin ta bakinsu, ya iso cikin malum-malum, da takardun shaida a hammata.

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji, "zamani ya canza. Noman yanzu da ilimi ake yin sa, ba da ƙarfin tuwo ba. Ni na je, na gani da idona."

Wani daga baya ya saki atishawa, mutum uku suka taya shi. Dagaci ya goge idonsa da bakin rawani, ya ce, "Mun ji, Alhaji. Amma ka san al'adarmu, sarautar nan ta wanda ya cika dami dubu ce. Kai dami nawa ka ɗaure bara?"

"Ranka ya daɗe, ai ba a dami abin yake ba. A duba wanda aikinsa ya game gari."

Dagaci ya juya wajen Baba Nomau, tsohon da ya fi kowa daɗewa a gona, wanda ciyawar nan ta raba shi da fadamar da ya gada. Kowa ya gyara zama, don an san bakin Baba ba linzami.

"Baba, kai me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, a naɗa shi."

Dattawa suka shiga kallon juna. Alhaji ya gyara hula, yana ta murmushi yana kallon abokan takara.

"A naɗa shi fa ka ce, Baba?" in ji Dagaci.

"Ƙwarai kuwa. Shekarata sittin da fartanya a hannu, ban taɓa ganin manomi irinsa ba. Shuka ɗaya tak ya yi, yau damina biyar gari kakaf na yi masa gayyar noma, ko fura bai taɓa aiko mana ba."