Ranar da Na Ɗaure Ido Na Raba Rago

Ba zan taɓa mantawa ba da Babbar Sallar da na naɗa kaina alƙali a ɗakinmu na unguwar Manfuha, a ƙasa mai tsarki.

Direban wani lauya ne ni a unguwar Ulaya. A ofishinsa akwai wani tsohon zane baƙi da fari, irin wanda Turawan da ke sassaƙawa a jikin tagulla su buga a takarda: mace ce an ɗaure mata ido, ma'auni a hagu, takobi a dama. Da na tambaya lauyan ya ce adalci ke nan, ba ya duba fuska. Maganar ta zauna mini daram.

Mu shida muka haɗa rago. Bara rabon nama ya kusa raba mu, bana kuwa Isuhu ɗan Maraɗi ya rantse in aka sake ba Kanawa cinya zai kwashe kayansa. Shi ke mana girki, in ya tafi mun koma burodin khubuz da shayi.

"Yalla shabab, a miƙo shimag!" na ce.

Na ɗaure ido da wannan gyale da mazan ƙasar ke yafawa a ka, na riƙe wuƙar fiɗa a dama, ma'aunin jakar tafiya a hagu (kar ku tambaye ni yadda mai rufaffen ido zai karanta ma'auni, ni ma sai daga baya na yi wannan tunanin). Na haye kujera. Isuhu yana taɓa kaso, ni ina kiran sunan wanda zai ɗauka.

A kaso na uku na ɗaga wuƙa sama don ƙarin kwarjini, sai tazuge ya ce ga garinku. Wando ya sulale har idon sawu. Daidai nan na ji sallamar Alhaji Mamman, dattijon unguwarmu, ya zo barka da Sallah.

"Ɗana, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Baba, shari'a ake yi."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Amma in na buɗe ido za a ce na leƙa nama, sai na dake da ɗan gajeren wandona har na kira suna na ƙarshe.

Wuya ne ya faɗa wa Isuhu. Ya karɓa yana share hawayen dariya.

"Wallahi ba ni tahiya ko'ina! Ina zan samu alƙali irin wanga?"

Ni na tashi da huhu da ƙashi, amma ban taɓa jin daɗin nama irin na ranar ba. Sai dai ga shawara kyauta: duk mai son yin adalci, kafin ya ɗaure ido ya fara ɗaure wando.