Juma'ar Da Ba Mu Sami Teku A Gida Ba

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko da kuwa na so, domin abokan ɗakina sun sha alwashin ba za su bar ni in manta ba. Har gobe Sarkin Ruwa suke kirana. Baƙo in ya ji sai ya zaci wata sarauta ce na gada, ni kuwa duk sanda aka faɗa sai in ji kamar an fama mini miki.

Ni ɗan Haɗeja ne, gadi nake yi a wani ginin ofisoshi da ke Mushairib, a tsakiyar Doha. Babba a ɗakinmu a lokacin shi ne Malam Sani, mutumin Funtuwa, direban bas. Shekara da shekaru yana kwasar ma'aikata da asuba ya dawo da su bayan magariba. Shi ke tashinmu sallah, shi ke raba gardama in wani ya shanye miyar wani a firji. Ashe ciwon suga ya daɗe yana cin idonsa a ɓoye. Da lokacin sabunta lasin ya zo, gwajin ido ya tona komai, likita ya ce abin gaba yake yi ba baya ba. Ba a jima ba aka yankar masa tikitin komawa gida.

Wata rana muna cin abinci a kan tabarma, ya ajiye cokali ya ce, "Ni fa abu ɗaya ya rage mini a ƙasar nan. Duk zamana ta gilashin mota nake hango teku, ido ɗaya na kan titi. So nake in je Kornish in zauna in kalle shi son raina, tun idon yana da saura."

Kornish fa, bakin tekun da ke cikin gari, wanda daga wurin aikina ko da ƙafa sai ka je. Da na ja bakina na yi shiru, da a Juma'ar farko an kai shi an gama. Amma ni mutum ne da Allah ya jarabta da son a ce na iya tsari.

Na ce, "Haba Malam, Kornish kuma? Ai wannan tekun siminti ne, an daɓe shi an sa masa fitilu. Ka bar mini, ni zan kai ka teku na gaskiya, inda ba gini ba hayaniya. Mu taka a bakinsa, ka sa ƙafarka a ciki."

Ya ce, "Bahaɗeje, ni ko Kornish ɗin ma ya ishe ni."

"Kada ka ɓata idonka a kan ƙaramin teku, Malam. Ka adana shi."

(Wallahi haka na faɗa. Na ce wa mutumin da idonsa ke ƙarewa ya adana ido, kamar wani ragowar kilishi.)

Juma'a biyu suka rage masa. Ta farko na cinye ta wajen leƙen wuri. Na lallaɓi Habu, wani abokinmu direban gida a unguwar Matar Ƙadim, wanda kafil ɗinsa, wato ubangidansa, kan bar masa mota daga saukowa masallaci zuwa magariba, ya kai ni arewa da birni, wani wuri da na gani a taswirar waya. Habu bai ko fito daga mota ba, barci ya yi. Ni kuwa na bi wata siririyar hanya ta tsakanin itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, na haye wani ɗan tudu, sai ga teku. Shuɗi shar, iya ganinka, yana lasar gindin tudun a hankali. Na tsaya na ƙare masa kallo. Na duba agogo na riƙe lokacin a kaina, na ce to, mako mai zuwa war haka.

Satin nan kaf ban bar kowa ya huta ba. Na je kasuwar Asian Town na sayo takalmin tafiya da ya fi ƙarfin aljihuna. Na tanadi dabino da fulas na karak, shayin madarar nan na Ƙatar, na ari tabarma mai naɗewa, har laima na nemo wa Malam. Na zana hanya a bayan kwali ina nuna wa duk wanda ya shigo ɗaki: nan za mu ajiye mota, nan za mu huta, nan kuma Malam zai ga ikon Allah.

Ranar Alhamis da yamma Awudu ya leƙo. Shi mutumin Gana ne, a zangon wani garin bakin teku ya tashi, tare muke gadi. Ya kalli kwalina ya ce, "Ɗan'uwa, ka duba lokacin da ruwa yake zuwa?"

Na fashe da dariya. Na ce, "Ruwa? A Ƙatar? Awudu, tun zuwanka sau nawa ka ga hadari a garin nan?"

"Ba wannan ruwa ba. Ruwa yana zuwa, yana tafi."

"To mu ma a Haɗeja haka yake. Ya zo da damina, ya tafi da rani. A bakin kogi aka yanke mini cibiya, ba za a koya mini ruwa da Hausar zango ba."

'Yan ɗaki suka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Awudu ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya fita, domin shi yana da aiki ranar Juma'ar. Da zai zo tare da mu, ƙila da wannan labarin bai samu ba.

Juma'a ta zo da wani irin gari mai toka-toka, ba rana ba hadari. Malam Sani ya sa farar shaddarsa wadda ya ajiye don hawa jirgi, domin a daren ne zai tashi. A mota yana ta hira kamar yaro ranar sallah, yana cewa zai gaya wa jikokinsa ya taɓa teku da hannunsa. Muka ajiye mota, na riƙe masa hannu muka kama siririyar hanyar. Habu yana can baya da tabarma da fulas, yana mita. Ni kuwa bakina bai rufu ba: "Malam, shirya. Saura kaɗan. Da mun haye tudun nan shi ke nan."

Muka haye tudun. Babu teku.

Ba wai ya ragu ba ne, a'a, babu shi. Inda na bar shuɗin ruwa makon jiya, taɓo ne shimfiɗe launin toka har inda ya haɗe da sama, sai ƙananan ƙaguwa suna ta guje-guje a kansa, da wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Can nesa, nesa ƙwarai, akwai wani siririn zare mai ƙyalli. Na duba agogo. Na duba itatuwan, su ne. Na duba tudun, shi ne. Na ji cikina ya ɗuri ruwa, shi kaɗai ne ma ruwan da ke wurin.

Malam Sani ya saki hannuna ya matsa gaba. Ya kare goshinsa da tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Masha Allah."

Sai ya laluɓo hannun rigata, ya rage murya don kada Habu ya ji.

"Bahaɗeje, gaya mini tsakani da Allah. Shuɗi ne, ko? Ni toka kawai nake gani. Ashe har idon ya kai nan."

A nan ne ya kamata in ce, Malam, idonka lafiya lau, ni ne na kawo ka inda ba teku. Kalma nawa ce? Amma kunya ta shaƙe ni, tsoron a yi mini dariya ya fi ƙarfin tausayina, na buɗe baki na ce, "Shuɗi ne, Malam."

Na ga yadda fuskarsa ta faɗi. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Allah mun gode." Ban taɓa ƙin kaina kamar a wannan lokacin ba, kuma duk da haka ban gyara ba.

Habu ne ya cece shi. Ya ƙaraso yana haki, ya dire tabarma, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce da ƙarfi, "Kai, ina tekun?"

Malam Sani ya juyo da sauri. "Kai ma ba ka gan shi ba?"

"Wane teku, Malam? Caɓi ne wannan, ko kwatar Fagge ta fi shi ruwa."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam, har da sauke ajiyar zuciya. Bai kalle ni ba, bai tambaye ni me ya sa na ce shuɗi ne ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mai hankali a nan zai ce mu juya mu nufi Kornish tun da sauran rana. Ni sai na fizgi gorar ruwa na zubar da abin da ke ciki, na ce, "Yana nan fa, matsawa ya yi kaɗan. Bari in ɗebo wa Malam." (Ka ji fa. Teku zan je in ɗebo a gora don in kare mutuncina.) Na tattare jallabiyata na sauka.

Da farko taɓon ya ɗauke ni. Sai ya kai idon sawu, sai ƙwauri. Zaren nan mai ƙyalli kuwa ko kusa bai matso ba. Habu yana ta ƙwala mini kira, ina yi kamar ban ji ba. Can na ɗaga ƙafar dama, ta fito ba takalmi. Na sunkuya in laluɓo shi, ta hagu ta nutse har gwiwa, na tafi gaba ɗaya na kifa da fuska. Da na yunƙura sai na ƙara lumewa har cinya. Sarkin Ruwa, jikan masunta, ya maƙale a taɓo yana ihun a taimaka masa.

Wasu 'yan Filifin masu kamun ƙaguwa ne suka zo da katako da igiya. Suka ɗaura mini a ƙirji suka ja, taɓo ya ja, suka ja. A ƙarshe aka yi sulhu: su suka samu ni, taɓo ya riƙe takalmana da wandona. Haka na fito a gaban matansu ina jan jallabiya ƙasa, baƙi ƙirin tun daga gira har tafin ƙafa. Ɗayansu yana ƙunshe dariya ya yi mini bayani da Turanci da hannu cewa kullum haka ruwan yake, ya cika ya janye, kuma lokacin yana gusawa kowace rana. Yau sai bayan duhu zai dawo. Sai a sannan maganar Awudu ta faɗo mini a ka.

Na iske Malam zaune a kan tabarma da kofin shayi a hannu. Ya matso da fuskarsa ya ƙare mini kallo, ya ce, "Kada ka damu, Bahaɗeje. Ƙila shi ma masallaci ya tafi bai dawo ba."

Habu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa hawaye ne suka zo mini, taɓon fuskata ya rufa mini asiri.

Kafin a wanke ni da ɗan ruwan da ya rage, kafin Habu ya gama rantsuwar ba zan zauna a kujerar kafil ɗinsa ba sai an shimfiɗa leda, rana ta yi ƙasa. Lokacin sanyi ne, magariba da wuri take yi. Na roƙi Habu ya taka mota, ya taka, amma muka tarar da cunkoso a bakin gari. Sanda muka iso Kornish an riga an kunna fitilu, teku ya zama baƙi. Malam Sani kuwa da duhu ya yi ba ya ganin komai sai dishi-dishin haske.

Na ce, "Malam, mu sauka ko na minti biyar ne."

Ya sauke gilashi, ya fitar da fuskarsa, ya ja numfashi. Ya ce, "Bar shi. Ina jin iskarsa. Mu je, kada jirgi ya bar ni."

Da muka shiga ɗaki Awudu yana nan ya dawo daga aiki. Ya dubi ƙafafuna ba takalmi, ya dubi ledar da na ɗaura a ƙugu. Bai yi dariya ba. Cewa kawai ya yi, "Ruwa bai zo ba?"

Bayan wasu watanni Malam Sani ya turo mini saƙon murya daga Funtuwa. Ya ce yanzu jikarsa ce ke danna masa waya, domin idon ya tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya ce yara suna yawan tambayarsa yadda teku yake, shi kuma yana gaya musu gaskiya: ya je gaishe shi takanas, bai same shi a gida ba. Ya yi dariya a cikin saƙon, sannan ya ce, "In ka samu hutu ka je Kornish ɗin nan, Bahaɗeje. Ka kalle shi da kyau, ka kalla har da rabona."

Ina zuwa. Kusan kowace Juma'a nakan taka daga Mushairib in zauna a kan simintin nan da na raina, kuma ban taɓa zuwa na tarar ba ya nan ba. Tun ina yaro nake jin ana cewa garin neman gira a rasa ido, ban san wata rana da idon wani zan gwada ba. Yanzu in mutum ya roƙe ni ƙaramin abu, ƙaramin nake ba shi, kuma a ranar. In kuwa wani ya ce mini "ruwa", ko da wace irin Hausa ya faɗa, sai na tsaya na tambaye shi wanne.