Garin Ƙarfen Hajiya Salima

Wani ne, shekara goma sha biyu yana niƙa a unguwar Bobiel. Gero, dawa, masara, har wake. Zuwera, ki aje wayar nan ki saurara, ba zan maimaita ba.

To rannan sai mai injin ya sai da kayansa ya koma Maradi. Mutumin naku ya tashi ba aiki. Ga mata, ga ƴaƴa huɗu, kowane da bakinsa. Ya zagaya unguwar Kalley har takalmi ya cinye, babu. Can wani ya ce mishi akwai mai walda a Yantala, sunansa Mamman, yana neman wanda ya san inji. Ai bai ko tsaya jin wane irin inji ba, ya hau kabu-kabu.

Mamman ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka san inji?"

"Patron, ni da inji? Ko barci nake, in ya yi tari na san mi ke damunsa."

"Bon. Zo ka gani."

Ya kai shi gaban wani ƙaton zarto mai kuran, wato wutar lantarki, na yankan ƙarfe. Zarton dogo ne, siriri, kamar bel, yana zagaya taya biyu, duk jikinsa ƙananan haƙora. In yana cin ƙarfe sai ɓarɓashi ya dinga zuba. A gefe akwai wani ɗan buros na waya, zagayayye, yana juyawa yana share haƙoran. Ga kuma ɗan pampo yana zubo wani farin ruwa kamar tsinkakken nono.

Mamman ya ce, "Ka ga buros? Shi ke fidda ɓarɓashi daga haƙora. Ka ga ruwa? Shi ke wanke sauran, ya sanyaya zarto. Aikinka ka lura kar haƙoran nan su cushe. In suka cushe zarto ya yi zafi, in ya yi zafi ya tsinke."

"Wannan ai wasa ne, patron."

"Ba wasa ba ne. Wanga zarto shi kaɗai ya rage mini. Daga Lome ake kawo su, wani sai bayan wata guda. Kwana uku zan gwada ka. Zarto ya kai Alhamis lafiya, aiki naka ne. Ya tsinke, ka kama hanyar Bobiel."

"Dakor, patron, na yarda."

Kuma fa har a jikin injin an rubuta, da faransanci, da jan fenti: kada a cire buros. Ni da na bi ta wurin ban ko tsaya ba na karanta shi tas. Shi kuwa ya ɗauka sunan injin ne.

Ranar farko. Wani kiliya mai kawo aiki, Malam Isma'ila, ya shigo da bututun ƙarfe a kafaɗa, yana so a raba mishi huɗu. Mutumin naku ya karɓa, ya jijjiga bututun, ya leƙa ciki ko akwai tsakuwa. Ya ce:

"Laushi ko tsaki?"

"Mi?"

"Na tuwo ne ko na kunu?"

"Bawan Allah, na rumfa ne!"

Mamman ya zo ya auna, ya ɗaure bututun, ya kunna. Zarto ya shiga ci. Ɓarɓashi na zuba, buros na watsa shi ƙasa, ruwa na jan saura. Mutumin naku ya dafe ƙirji. Shekara goma sha biyu mata na tsaye a kansa, in ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa sai unguwa ta ji. Yau ga kayan mutane ana watsarwa, kuma ba mai cewa uffan!

Ana gamawa ya durƙusa da tsintsiya. Ya share, ya tattara, ya bushe ƙasa-ƙasan da baki, ya ƙulle a leda. Malam Isma'ila ya riga ya kai bakin kwalta. Sai ya ji ana gudu a bayansa.

"Malam! Malam! Garinka!"

"Garin mi?"

"Na bututunka. Ga shi, ko tsinke ban rage ba."

"In yi mi da shi?"

"Wannan kuma tsakaninka da iyalinka. Ni dai ba a taɓa cewa na ci garin kowa ba, ba za a fara a Yantala ba."

Malam Isma'ila ya dubi leda, ya dube shi, ya ce, "Irkoy beri! Allah mai girma!" Ya karɓa don a rabu lafiya.

Mamman ya sha dariya har da riƙe ciki. Bai hana ba. Tun da ya buɗe wurin nan bai taɓa ganin ƙasa fes haka ba.

Rana ta biyu. A'a, Zuwera, ba a nan ya ƙare ba, ki bari mana in kai!

Rana ta biyu sai ga Hajiya Salima. Mai gidan bene ce, ana mata sabuwar ƙofar ƙarfe, kuma irin matan nan ne da ba su yarda a yi aikinsu ba su nan. Ta sa aka sauke ƙarafunanta daga amalanke, manya, masu kauri. Ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna tana fifita da gefen mayafi.

Mamman ya auna, ya yi alama da alli, ya ɗaure na farko, ya kunna. Ya ce, "Zan je kasuwar Katako in sawo fenti, yanzu na dawo. Idonka a kan haƙora."

"Ka tafi da zuciya ɗaya, patron."

Yana fita Hajiya ta nuna ƙasa da baki.

"Kai, wancan da ke zuba, ba daga ƙarfena yake fita ba?"

"Naki ne, Hajiya."

"Ashe haka ake rage wa mutum kaya!"

Ai kamar ta sosa mishi inda ke ƙaiƙayi. Ya ce, "Hajiya, tun jiya abin nan ke cina. Kin ga wanga ɗan banzan buros? Shi ne ɓarawon. Ba mai gaya wa patron gaskiya ne kawai."

Ya kashe inji. Ya ɗauko sufana, ya kwance buros, ya rataye shi a ƙusa. Ya dubi pampo.

"Kuma dubi wani rashin hankali. Wa ke zuba wa gari ruwa tun bai isa gida ba?"

Ya murɗe pampo ƙam. Ya samo tsohon wando, ya yanke ƙafa ɗaya, ya ɗaura a ƙarƙashin zarto yadda ake yi a bakin injin niƙa. Ya tara tasa a ƙasa. Ya ce bismillah, ya kunna.

Hajiya ta ce, "Wala! Yauwa, yanzu na ga mai aiki."

Minti biyu lafiya lau. Na uku inji ya fara wani kuka, ƙiiiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Haƙora sun cushe dam, zarto na ta zamewa a kan ƙarfe ba ya ci. Tasa kuwa ɗan abin da ya faɗa ciki bai cika cokali ba.

"Bawan Allah, kukan nan fa?"

"Kala suuru, sai haƙuri, Hajiya. Riƙewa ya yi. Duk inji haka yake, in ka sake mishi fuska sai ya ɓoye gari a ciki."

Ya ɗauko wani guntun katako. Gam! Gam! Gam! Ya bi injin da duka, gefe da gefe, yana cewa, "Fito da shi! Na Hajiya ne!"

Inji ya ƙara murya. Zarto ya yi shuɗi, ya fara ja. Hayaƙi ya tashi. Hajiya ta ja kujerarta baya.

"Anya kuwa?"

"Saura magani ɗaya, Hajiya. Ba ya ƙi."

Kun san masu niƙa, in inji ya cushe sai su zuba mishi busasshen hatsi ya wanke cikinsa. Mutumin naku ya ruga butik ɗin gefe, ya dawo da masara cike da hula. Ya tsaya, ya daidaita, ya juye ta kaf a kan zarto mai zafin nan.

Fat! Fat-fat! Fafafafat!

Gugguru! Wallahi gugguru ya dinga tashi har kwano. Wani cikin mayafin Hajiya, wani cikin jakarta. Kajin unguwa suka ji ƙamshi suka yo ɗango. Akuya biyu suka shigo ba sallama. Hajiya ta haye kujera tana salati. Mutumin naku na tsakiyar hayaƙi da katako a hannu yana ihu, "Yana wankewa! Yana wankewa!"

Sai ji aka yi tas!

Shiru. Zarto ya tsinke, ya zubo ƙasa ya nannaɗe kamar mataccen maciji.

Daidai nan Mamman ya shigo da gwangwanin fenti. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi kaji, ya dubi Hajiya a kan kujera. Ya dubi ƙafar wando tana ci da wuta kaɗan-kaɗan. Ya dubi zartonsa. Ya aje fenti a hankali.

"Ina buros?"

"Ga shi can a ƙusa, patron. Ɓarna yake maka."

"Ruwa fa?"

"Na kashe."

"Masarar nan ta uban wa ce?"

"Ta mai butik ce, patron."

Mamman ya cire hula, ya share fuska da ita, ya mayar.

"Kwana biyu. Ko na ukun ba ka kai ba. Kai da ka ce in inji ya yi tari ka san ciwonsa! To ga shi ya mutu. Gaya mini abin da ya kashe shi, a gaban Hajiya. In ba laifinka ba ne ka zauna. In naka ne, ga hanya."

Mutumin naku bai yi gardama ba. Ya durƙusa gaban tasa, ya kori wata kaza. Ya ɗebi ɗan ɓarɓashin da yatsa biyu, ya murza. Ya shinshina. Ya ɗan taɓa a harshe. Sai ya girgiza kai, ya ɗago ya dubi Hajiya kamar wanda aka ci amanarsa.

"Hajiya, ki ji tsoron Allah ki faɗa wa patron gaskiya. Ƙarfen nan, kin shanya shi kuwa kafin ki kawo?"